Abin da aka tsayar kan sikirif da famwaya

Jama'a ga abin da na tattaro daga bakin 'yan situdiyon Jos kan sikirif ɗin kibod da muke rabawa (ƙaramin fayil ɗin umarni da ke haɗa kibod ɗin kiɗa da manhajar haɗa kiɗa) da kuma famwaya (manhajar da ke cikin kibod ɗin kansa).

1. Kusan kowa ya yarda duk mai saka sikirif a folda ya rubuta a samansa lambar famwayar da ya gwada da ita, da ta FL Studio ɗinsa (manhajar haɗa kiɗa), tunda sikirif ɗin Python (yaren da ake rubuta sikirif da shi) daga FL Studio 20.7 ya fara.

2. Kar a goge tsohon sikirif, a ajiye gefe. Masu Ableton Live (wata manhajar haɗa kiɗa) sun tuna yadda Live 11 ya koma Python 3, sikirif ɗin Live 10 da yawa suka ƙi tashi.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce sikirif ɗaya ya tambayi na'ura lambar famwayarta ta hanyar SysEx (saƙo na musamman tsakanin kwamfuta da kibod) ya daidaita kansa, wasu sun ce kowace famwaya da fayil ɗinta, ni dai na biyun ya fi kwanta min don yaran da ke koyo ma za su iya gyarawa.

4. Ba a sabunta famwaya ranar da mawaƙi zai zo, kuma laftof ya zama da cikakken caji saboda wuta.