Wa ya taɓa yin allurar Botox saboda ciwon muƙamuƙi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara.

Na daɗe ina cije haƙora ina gurza su cikin barci, har maigidana kan tashe ni saboda ƙarar. Da asuba nakan farka muƙamuƙi a ɗaure, kai na sarawa ta gefen kunne, buɗe baki ma sai na lallaɓa. Haƙoran taunata sun fara cinyewa. Likitan haƙori ya yi mini robar sawa a baki da dare. Haƙoran sun samu kariya, amma ciwon yana nan daram. Na rage shayi, na bar goro, ina gasa wurin da ruwan ɗumi, duk sauƙin kaɗan ne.

Yanzu likitan ya kawo maganar allurar Botox, wato maganin da ke sassauta tsoka, a tsokar tauna, wadda ke gefen kumatu, don ta saki. Ya ce aikinta wata 3 zuwa 4 ne, sai a sake, ga kuma tsada.

Abin da ke tsorata ni shi ne tauna ta yi rauni, ko murmushina ya karkace. Wanda ya yi, ciwon ya tafi kuwa? Nama ya taunu? Bayan allurar ta sake ki, 'yar'uwa, ciwon ya dawo kamar da?