Neman shawara: wa ke mulkin Bahrain a zamanin Turawa?

Hafsatu: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni aikin rubutu a makaranta kan yadda Birtaniya ta riƙe ƙananan masarautun Larabawa na Tekun Fasha, sai na zaɓi Bahrain. Abin da ya ɗaure min kai, ko'ina na duba sai in ga an ce ba mulkin mallaka ba ne, kariya ce kawai, amma kuma ga shi har sarki suka sauke. To wa ke da gari a lokacin? Don Allah ta ina zan fara?

Malam Bello: Wa alaikumus salam, Hafsatu. Fara da yarjejeniyoyin kansu, gajeru ne: ta 1820, ta 1861, sai ta 1880 da ta 1892. Ta ƙarshen ita ce gindin magana. A cikinta sarkin Bahrain na lokacin, Shaihu Isa bin Ali Al Khalifa, ya amince ba zai ƙulla hulɗa da wata ƙasa ba sai Birtaniya, ba zai bar wakilin wata gwamnati ya zauna a tsibirin ba sai da yardarta, kuma ba zai sayar ko ya jinginar da wani yanki na ƙasarsa ga kowa ba sai ita. Ki lura babu inda aka ce Bature zai sa hannu a harkar cikin gida. Ki rubuta wannan a gefe, sannan ki bi shekara talatin da suka biyo baya ki ga yadda aka shigo cikin gidan.

Auwal: Ƙanwata, ki shiga Qatar Digital Library, kyauta ne. Takardun ofishin Indiya ne da ke ɗakin karatu na Birtaniya aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Fayilolin da lambarsu ta fara da IOR/R/15/2 na ofishin Wakilin Siyasa ne na Bahrain, wato jami'in da ke wakiltar Birtaniya a tsibirin, na R/15/1 kuma na Razdan ne da ke zaune a Bushehr, can gaɓar Iran. Akwai wasiƙun Larabci da yawa a ciki, in kina ɗan taɓa Larabci za ki ji daɗi. Shawara ɗaya, ki riƙa saukewa lokacin da kike da wayifai, hotunan suna shan data.

Hafsatu: Na gode Yaya Auwal. Amma me ya kawo Indiya a ciki?

Auwal: Ai daga can ake juya su. Wakilin Siyasa na Manama, babban birnin Bahrain, yana ƙarƙashin Razdan, shi kuma Razdan gwamnatin Turawa ta Indiya yake yi wa bayani, har zuwa 1947. Kuɗin da ake kashewa a kasuwa ma rupi ne, sai 1965 Bahrain ta fito da dinarinta.

Hajiya Rabi: Ni a ganina, 'yata, kada ki ɓata lokaci kan tambayar kariya ce ko mallaka. Bi abu biyu kawai, kotu da kwastan. Kafin 1900 Turawa ba su ma ajiye Bature a tsibirin ba, attajirai 'yan yankin suke naɗawa su wakilce su. A 1904 aka kawo cikakken Wakilin Siyasa. A shekarar ne mutanen wani ɗan gidan sarauta suka yi wa ma'aikacin wani kamfanin Jamus da wasu Farisawa duka, Turawa suka kawo jiragen yaƙi, aka kori ɗan sarautar zuwa Indiya. Daga nan shari'ar baƙi ta fara komawa hannun Wakili. Dokar da aka rubuta a 1913, ta fara aiki a 1919, ta tabbatar masa da wannan iko. Yanzu ki yi tunanin gari irin Manama, tashar jiragen ruwa cike da Farisawa da Indiyawa da mutanen Najd, wato tsakiyar Saudiyya ta yau. Duk wanda aka ce baƙo ne ya fita daga hannun sarki. Shi ya sa gardamar wane ne baƙo ta yi zafi sosai, domin kowane mutum da aka ƙara a wannan jeri ragi ne a ikon fada.

Musa Ɗan Zariya: Wannan ai tamkar labarin En'e ne a wajenmu. Razdan, baitulmali, a yanka wa sarki albashi, in ya ƙi a tuɓe shi.

Malam Bello: Akwai kama, Musa, amma a yi hattara. Arewa da yaƙi aka ci ta, aka naɗa sarakuna da takarda, kuma ma'aikatar mulkin mallaka ta Landan ce ke sama. Bahrain ba a ci ta da yaƙi ba, haraji bai tafi asusun Birtaniya ba, kuma jami'an daga ma'aikatar siyasa ta Indiya suke. In za ki kwatanta, Hafsatu, ki yi a sakin layi ɗaya ki wuce, kada ya cinye miki aikin.

Hajiya Rabi: Haka ne. Bari in ƙarasa maganar kwastan, don a nan 1923 take. Kafin lokacin babu bambanci tsakanin aljihun sarki da asusun ƙasa, ƙauyuka kuma an raba wa 'yan gidan sarauta, kowa yana karɓar abin da ya ga dama daga manoman dabino. Baharna, wato 'yan asalin ƙauyukan, waɗanda 'yan Shi'a ne, sun yi ta kai koke kan haraji da aikin tilas, har suka yi bore a farkon 1922. Wakilin lokacin, Manjo Clive Daly, ya riƙe waɗannan koke-koke ya matsa a yi gyara. Da rikici ya ɓarke tsakanin Farisawa da mutanen Najd a Manama a watan Mayu 1923, muƙaddashin Razdan, Kanar Knox, ya iso da jiragen yaƙi, ya tara manyan gari, ya sanar cewa mulki ya koma hannun Shaihu Hamad, ɗan Shaihu Isa. Dattijon da ke kan gado tun 1869 ya riƙe sunan sarauta har ya rasu a 1932, amma ba ya yanke komai. Bayan haka aka sa Bature a kan kwastan, kuɗin shiga suka koma asusun gwamnati, aka yanka wa gidan sarauta kaso, aka kafa ofishin rajistar filaye.

Zainab A.: Hajiya, in ƙara wani abu da nake ganin yana da muhimmanci. Kada Hafsatu ta ɗauki rahotannin Daly a matsayin gaskiya tsantsa, mutum ne da ke neman hujjar abin da ya riga ya ƙudura. Kuma kada ta ɗauka duk mutanen Bahrain ra'ayinsu ɗaya. Manomin da aka ɗauke wa aikin tilas ya ga sauƙi a gyaran. Ƙabilar Dawasir kuwa tattara kayansu suka yi suka haye Dammam, a gaɓar Saudiyya ta yau, a 1923. Wasu manya suka yi taro suna neman majalisa da a daina katsalandan, aka kama jagoransu Abdulwahab al-Zayani aka kai shi Indiya. Ki nemi takardun koke na ɓangarorin nan a cikin fayilolin, sun fi rahoton shekara-shekara faɗin abin da ke ran mutane.

Auwal: Gaskiya ne. Ki duba fayilolin masu nutso neman lu'ulu'u ma. Bashi ne ke ɗaure su ga masu jirage, har ɗa ya gaji bashin uba. Gyaran 1924 ya sa a riƙa rubuta wa kowane mai nutso lissafinsa a littafi, amma da aka rage kuɗin da ake ba su kafin fita teku, su da kansu suka yi zanga-zanga a 1932, shekarar da aka haƙo mai a Jabal Dukhan.

Hafsatu: Allah ya saka da alheri. Shi kuma Belgrave da nake ta ganin sunansa fa, shi ne Wakilin?

Malam Bello: A'a, kuma wannan kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi. Charles Belgrave mai ba sarki shawara ne, sarki ke biyansa albashi, ba gwamnatin Birtaniya ba. Ta tallar jarida aka samo shi, ya zo a 1926, bai tafi ba sai 1957. Shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke riƙe da 'yan sanda, yana kuma zama a kotu. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, kundin da yake rubuta abubuwan yau da kullum kuma yana jami'ar Exeter. Ki karanta shi, amma ki haɗa da labarin kwamitin haɗin kan ƙasa na 1954 zuwa 1956, inda 'yan Sunni da 'yan Shi'a suka haɗu suna neman zaɓaɓɓiyar majalisa, da rubutacciyar doka, da ƙungiyar ƙwadago, da a sallame shi. An yanke wa shugabanninsu hukunci a ƙarshen 1956, aka kai uku tsibirin St Helena, can tsakiyar tekun Atlantika: Abdurrahman al-Bakir, Abdul'aziz al-Shamlan da Abdul'ali al-Alaiwat. Sai 1961 aka sake su. Abin yana min ciwo duk sanda na karanta, don abin da suka nema bai wuce haƙƙinsu ba.

Sadiq (Dammam): Ina bin ku shiru tun ɗazu. In Allah ya kawo wani cikinku wajen nan, ya haye gadar Sarki Fahad ya je Muharraq ya ga gidan Shaihu Isa bin Ali, da hanyar tarihin lu'ulu'u da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2012. A Manama kuma akwai Bab al-Bahrain a bakin kasuwa, ofisoshin gwamnati ne a zamanin Belgrave. Hafsatu, in kina son hotuna don aikinki zan ɗauko miki.

Zainab A.: Ki taƙaita zangon ma. Daga 1904 zuwa 1926 ya ishe ki aiki guda, in kika ce sai kin kai 'yancin kai na 1971 za ki taɓa komai sama-sama.

Hafsatu: Na ɗauki wannan, Anti Zainab. Zan tsaya kan kotu da kwastan zuwa saukar Shaihu Isa. Yaya Sadiq, ina son hotunan gidan na Muharraq don Allah. Hajiya, in na rubuta babin farko zan iya turo miki ki duba min?

Hajiya Rabi: Turo, 'yata. Ki haɗo da lambobin fayilolin da kika yi amfani da su don in buɗe su a gefe.