Dogon hutu ya zo, yara huɗu a gida: ku ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. An ba yara dogon hutu, sai Satumba za su koma, kusan sati shida ke nan. Yarana huɗu: babban, Khalifa, shekararsa 13, mai bi masa mace ce 'yar shekara 10, sai 'yan biyu masu shekara 5. A Kano muke. Ni sai ƙarfe biyu nake tasowa daga aiki, babansu kuma yana kasuwa sai bayan magariba. In an kawo wuta suna gaban talabijin, in an ɗauke sai faɗa da kuka. Duk wannan da sauƙi. Jiya na dawo na tarar da wandon Khalifa sharkaf, an cusa shi a bayan durom ɗin ruwa. Da na matsa masa ya ce kududdufi suka je wanka da yaran unguwa. Wallahi ban runtsa ba daren jiya. Ba ni da ƙarfin kai su wajen wasa kullum. Makarantarsu tana lesin na hutu, amma ina tausayinsu, shekara guda suna fama da boko da Islamiyya. Yaya kuke yi da naku?

Uwar Gida: Wa alaikumus salam. Maman Khalifa, maganar kududdufi ita za ki fara kashewa tun yau, sauran duk mai sauƙi ne. Ramukan nan da aka haƙa don ginin ƙasa, in damina ta cika su ba mai sanin zurfinsu, ga laka a ƙasa tana riƙe ƙafa. Duk damina sai an ji jami'an kashe gobara sun je ciro yaro. Kada ki tsaya ga duka, duka sai dai ya koya masa ɓoyewa. Babansa ya zaunar da shi su yi magana ta maza, sannan ki je gidajen yaran da suka tafi tare, ki gaya wa iyayensu. Wataƙila su ma ba su sani ba.

Baban Sadiq: Hajiya, ɗan shekara 13 ba wasa yake nema ba, abin yi yake nema. Nawa na kai shi wajen wani mai gyaran waya a Farm Centre bara, daga tara na safe zuwa azahar. Kafin a koma makaranta ya iya sauya gilashin waya da bakin caji. Ranar da maigidansa ya fara ba shi ɗan abin sabulu, kai tsaye ya kai wa uwarsa, bakinsa har kunne. In ba waya ba, akwai ɗinki, akwai kafinta. Ko ma babansa ya riƙa tafiya da shi kasuwa, ai haka aka rene mu. Sharaɗi ɗaya: ki san mutumin da za ki ba amanar ɗanki, ki san su wa ke zama a shagon.

Malama Mai Alli: Shekarata 19 ina koyarwa a firamare, kuma zan faɗa miki gaskiya: 'yan shekara 5 ba sa bukatar lesin na hutu. Ita mai shekara 10, in akwai darasin da ke ba ta wuya, awa ɗaya a gida ya wadatar. Abin da yara suka rasa a hutu shi ne tsari. Ki rubuta a kwali ki manna a bango: bayan asuba tilawa, sai aikin gida kowa da nasa, sai wasa, talabijin bayan la'asar kawai. Kuma ki ware rana ɗaya a sati ta fita, su san da ita tun farkon sati. Yaron da ya san Asabar akwai fita, da wuya ya yi abin da zai sa a bar shi a gida.

Fitar ma ba sai mai tsada ba. Abin yana ba ni takaici, yaro an haife shi a Kano, ya san kowane kanti a Ado Bayero Mall, amma bai taɓa shiga Gidan Makama ba. Gidan nan Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau sarauta a 1463, ga shi nan dab da fadar Sarki. Akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, akwai kayan yaƙi, akwai hotunan da. Na taɓa kai 'yan ajina, wani yaro da ba ya magana a aji ya tsaya gaban sulke ya ƙi motsi, yana ta tambayar yadda mutum zai hau doki da wannan nauyi. Daga nan ku gangara marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, su ga yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa shuɗi a gaban idonsu. Wata Asabar ɗin ku hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, akwai matakala, daga sama ki nuna musu Goron Dutse, ki ba su labarin Barbushe. Sai dai ki riƙe hannun 'yan biyu da kyau.

Anti Amarya: Gidan Zu na Audu Bako fa? Yanzu ne lokacin zuwa, ba irin cinkoson Sallah. Zaki, kura, jimina, kada, birai, 'yan biyu sai sun yi sati suna labari. Ki dafa taliya ko dambu, ki haɗa zoɓo a gora, ki ɗauki tabarma. Abin da ke cinye kuɗi a fita ai ciye-ciye ne, ba kuɗin shiga ba. Mu gida uku muke haɗuwa, mu yi karo-karo mu ɗauki Adaidaita Sahu biyu.

Baban Sadiq: Malama, ban yarda a yar da lesin gaba ɗaya ba. Uwar tana aiki har ƙarfe biyu, wa zai tsare kwalin da aka manna a bango? Ko ba komai lesin yana tsare yaro a wuri guda.

Malama Mai Alli: Wannan gaskiya ne Alhaji, na karɓi gyara. To a nan maƙwabta za su shigo. Maman Khalifa, ba matar da ke wuni a gida a layinku? Ku raba: ita safe, ke yamma.

Hajiya Kaka: 'Yata, in kuna da dangi a ƙauye ki tura manyan biyu ko na kwana goma ne. Damina ce, su ga gero da dawa a tsaye, su riƙe fartanya, su san daga inda tuwo yake fitowa. Jikata da ta je ta dawo ta iya carafke da gaɗa, namijin ya iya langa da dara. Da dare in an ɗauke wuta kada ki ce masifa ce, shimfiɗa tabarma ki ce "ga ta nan, ga ta nanku", ki ga yadda za su kewaye ki. Amma ki haɗa su da gidan sauro, ki kuma ja kunnen wanda zai riƙe su kan rafi da dam, don can ma akwai ruwa. Su kuma 'yan biyu ki bar su kusa da ke.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Na nuna wa babansu, ya ce daga gobe Khalifa zai riƙa bin sa kasuwa. Na je gidajen yara biyu daga cikin abokan nasa, uwar ɗaya har da hawaye, ba ta san ɗanta yana zuwa ba. Ita ce ma ta ce ƙananan su riƙa wuni a wajenta har in taso. Ranar Asabar in Allah ya kai mu Gidan Makama za mu fara. Anti Amarya, in kun sa ranar zuwa Zu ki taɓa ni, mu zama gida huɗu.