Bayan gwajin sida, mi ya canza gare ku?

Salamu alaikum ƴan uwa na Tawa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa yin gwajin sida ce, bayan likita ya zaunar da kai ya yi maka bayani, hali ya canza ko kuwa? Kowa ya faɗi abin da ya same shi da kanshi don Allah.

Ɗan ci-rani: Ni daga Abijan na dawo, iyayen yarinya suka ce babu ɗaurin aure sai an yi. Negatif ya hito, wato ba a ga ƙwayar ba, har na miƙe likitan ya ce zauna malam, in akwai abin da ka yi kwanan nan jini ba ya nunawa nan take, ka dawo bayan wata 3. Wallahi watannin nan ban kusanci kowa ba, kuma har yau ban koma ma yawon da ba.

Maman biyu: Wurin awon ciki aka yi mini. Na ce ma maigida shi ma ya je, ya ce ai in ni lahiya ce shi ma lahiya. Ungozoma ta ce sam ba haka ba ne, ana samun ɗaya na da ita ɗaya ba ya da. Har yanzu ina lallashi, ƙwaroron roba kuwa ko hurtawa ban iya yi gabanshi, sai ya ce zarginshi nake.

Wani bawan Allah: Maman biyu kar ki gaji, gidana ke nan. Ni ke da ita, matata babu. Ranar da aka gaya mini ban ji komi ba cikin bayanin, sai da muka koma tare aka nuna muna yadda ake sa ƙwaroron roba Foula, aka ɗora ni kan ARV, maganin da ke danne ƙwayar sida, kyauta ake ba da shi. Likita ya ce in ina sha kullum har ƙwayar ta daina ganuwa cikin jini ba zan sa mata ciwon ba. Da kunya nake ji in sayi robar, yanzu farmasi nake shiga kaina tsaye.

Ɗan kabu-kabu: Gaskiya ba kowa ke canzawa ba. Abokina da ya ga negatif sai ya ɗauke shi kamar laya, ya ma bar sa robar. Takarda kawai aka miƙa mishi, ba wanda ya zauna da shi. Gobe in sha Allahu zan ja shi mu je a sake, ni ma in yi nawa.