Shawarwarin Masu Jiran GTA VI

Mun daɗe muna tattauna batun wasan bidiyo na Grand Theft Auto VI (GTA VI) da abokai masu buga gem, ga abin da na tsinta.

Ɗokin kowa shi ne komawa birnin Vice City na cikin wasan, a jihar Leonida da aka kwaikwayo daga Florida ta Amurka, tare da jaruman wasan, Lucia da Jason. Tun 2013 da GTA V ya fito ake jira, don haka ɗokin ba laifi ba ne.

Inda aka fi jan magana shi ne sayen na'ura. Kamfanin Rockstar mai yin wasan ya sanar da shi ne a na'urorin PlayStation 5 (PS5) da Xbox Series X da S kawai. Masu kwamfuta aka ba su haƙuri, domin GTA V ma sai a 2015 ya iso musu. Mai PS4 kuwa, aka ce kada ya yi gaggawar sayar da ita ko ya ci bashi tun wasan bai fito ba. Nan na fi yarda, domin an riga an ɗage fitowarsa daga 2025 zuwa Mayun 2026, sannan zuwa Nuwamban 2026.

Wasu ɗagewar ta ɓata musu rai. Ni ba ta dame ni ba, na tuna yadda wasan Cyberpunk 2077 ya fito cike da matsaloli a 2020 har Sony ta cire shi daga shagonta. Shi ya sa da yawa suka ce kada a biya kuɗi tun kafin fitowa, a bari a ga yadda yake gudana.

An kuma tunatar da iyaye cewa wasan manya ne, ba na yara ba.