Awo da rigakafi a Jos: ina kuke kai naku?

Amaryar Rikkos: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jibi in Allah ya yarda zan yi arba'in in dawo ɗakina. A gida Bauchi na haihu, can aka yi wa yarinyar BCG (allurar tarin fuka) da ɗigon baki na shan inna. Ga allurar sati 6 ta ƙarato, ni kuwa ban san kan asibitocin Jos ba. Maigidan ya ce asibitin kuɗi, Mama ta ce na gwamnati. Don Allah ina kuke kai naku?

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya.

Hajiyar Gangare: Allah ya raya mini kishiyar tawa. Ki kai ta asibitin unguwa mafi kusa da ke, 'yar nan. Allurar ɗaya ce, kuma kyauta gwamnati ke bayarwa.

Maman Walid: Kyauta dai a baki, Hajiya. Wani wurin sai an ce kawo na kati, kawo na auduga.

Uwar 'Yan Biyu: Amarya, bari in ba ki labarina ki ɗauki abin ɗauka. Da na haifi 'yan biyu, saboda gudun layi muka buɗe fayil a wani asibitin kuɗi, ba sai na faɗi suna ba. Wuri tsaf, ga kujeru masu laushi, ga talabijin. Duk wata sai na kai su awo, duk zuwa sai mun biya kuɗin ganin likita. To kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu. Nas ɗin ba ta taɓa cewa in tuɓe su ba, haka take aza yaro a sikeli da rigar sanyi da hula da safa, wani lokacin har da shawul. Ta rubuta lamba a fayil ɗinsu, shi ke nan. Katin da ke hannuna, shafin nan mai layuka da ake ɗiga nauyin yaro, ko ɗigo ɗaya ba a taɓa sawa ba. Ni kuma ban san amfaninsa ba, na ɗauka ado ne.

Husaini tun wata 6 yake gudawa tana ɗaukewa tana dawowa. Uwar mijina ta ce haƙori ne, maƙwabta suka ce ai dama 'yan biyu sai ɗaya ya danne ɗaya. Na yarda. Da suka kai wata 9 asibitin suka ce ba su da allurar ƙyanda, in je na gwamnati. Can na tarar da wata dattijuwar ma'aikaciya, ta ce tuɓe shi tik. Na ce akwai sanyi, ta ce sanyin minti ɗaya bai kashe kowa ba. Hasan kilo 8 da rabi, Husaini 6 da rabi. Ta ɗauko wani ɗan tef mai launi uku ta naɗa masa a damtse, ya tsaya a kan rawaya, alamar ya fara ramewa. Ta buɗe katin ta ga shafin fari fat, ta ɗago ta dube ni ta ce, Madam, wata tara ina kike kai yaron nan? Wallahi a gaban mata na fashe da kuka.

Ita ta ba ni ORS (ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zinc, ta ce zinc ɗin in cika kwana 10 ko gudawar ta tsaya. Ta hana ni ba shi kunu tsararo, ta ce in riƙa sa gyaɗa da waken suya, in murƙushe ƙwai da dankalin Turawa, in ɗiga manja a gwate. Duk sati biyu nake kai shi har tef ya koma kore. Ban ce duk asibitin kuɗi haka suke ba. Amma duk inda kika je, ki tsaya a kansu sai sun ɗiga nauyin a katinki, kuma ki duba da idonki layin yana hawa ko ya kwanta.

Maman Walid: Subhanallahi. Bari in je in duba katin Walid.

Antin Bukuru: Allah ya kyauta. Amma na gwamnatin ma suna da nasu. Na ɗauki shatar keke tun daga Bukuru, na isa ƙarfe 10, aka ce yau ba ranar ƙyanda ba ce, in dawo wani satin. Ko kallon arziki ba a yi mini ba.

Anti Nas: Anti, faɗan da wasu abokan aikinmu ke yi ba zan kare shi ba. Amma maganar rana tana da dalili. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sa'a 6 ke gare ta, abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi ya sa ƙananan asibitoci ke ware rana su tara yara. Ki tambayi ranarsu kafin ki biya kuɗin keke.

Amarya, ga yadda abin yake. Sati 6, sati 10 da sati 14 akwai Penta, ita ce ta haɗa mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta da Hib (ƙwayar cuta mai kawo namoniya da sanƙarau). Tare da ita akwai ta namoniya, da ɗigon shan inna, da Rota ta gudawa wadda aka shigo da ita a 2022. Wata 6 Bitamin A. Wata 9 ƙyanda, shawara da sanƙarau. Wata 15 ƙyanda ta biyu, wadda yawancinku kuke mantawa don yaro ya fara tafiya kun ɗauka an gama. Katin Bauchi yana aiki a Jos, kada ki bari a ce sai kin sake sabo.

Hajiyar Gangare: Ta zo neman shawara an ce a yi mata allurar shawara.

Maman Walid: Hajiya ba dama 😂

Baban Yara: Ni tambaya gare ni. Namu ya tsallake ta sati 14 lokacin da muka yi tafiya, yanzu watansa 7. Uwarsa ta ce an ce sai an faro daga farko.

Anti Nas: Ba a farowa. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ku kai shi cikin satin nan.

Antin Bukuru: Malam, kai ka kai shi mana. Ko an rubuta a kati cewa mata kaɗai?

Baban Yara: Na taɓa zuwa, Anti. Ni kaɗai ne namiji cikin mata sun fi hamsin, ana waƙar rigakafi ana tafi, aka ce sai na yi amshi.

Antin Bukuru: To ka yi amshin, rawani ya faɗi?

Uwar 'Yan Biyu: Ku bar shi, shi ya ma je. Namu kuɗin keke ma sai an yi shari'a.

Baban Yara: Ai ga shi nan, an fara. Na yi shiru.

Amaryar Rikkos: Na gode ƙwarai. Anti Nas, zazzaɓin bayan allura fa? Yayata ta ce in ba ta farasitamol tun a gida kafin mu fita.

Anti Nas: A'a, ki bari sai in zazzaɓin ya zo, kuma a faɗa miki adadin daidai nauyinta, ban da cokalin shayi. Penta takan sa jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu, cinyar ta ɗan kumbura. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya isa, ki yawaita ba ta nono. Amma in ta ƙi kama nono, ko tana numfashi da sauri, ko jijjiga, ko zafin ya ƙi sauka, wannan ya wuce asibitin unguwa. Ki nufi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano, ko da tsakar dare ne.

Hajiyar Gangare: Mu dai a zamaninmu gasa wurin ake yi da ruwan zafi a shafa man zafi, ga ku nan kun girma.

Anti Nas: Hajiya, a yi mana afuwa, fatar jariri ba ta ɗaukar wannan. Na ga cinyoyin da aka sale.

Hajiyar Gangare: 'Ya'yan zamani. Goma na haifa.

Maman Walid: Na dubo katin. An ɗiga har wata 9, daga nan babu komai. Ashe ta wata 15 ɗin ma ba mu yi ba, ga shi ya kusa shekara biyu.

Anti Nas: Kawo shi, za a yi masa. Ki tambayi Bitamin A ma, duk wata shida ake bayarwa har shekara 5.

Antin Bukuru: Ku sa katin a leda, don Allah. Nawa ruwan Agusta ya jiƙa shi a jaka, biron ya narke, sai da aka yi ta tonon rajista kafin a gano inda muka tsaya. Yanzu duk zuwa sai na ɗauki hotonsa a waya.

Amaryar Rikkos: To yanzu dai wanne zan je?

Uwar 'Yan Biyu: Ki je da sassafe ki kama lamba, ki tafi da zani na biyu da nafkin, ki sa mata kaya masu sauƙin cirewa.

Baban Yara: Ta ce wanne, ba yaushe ba.

Antin Bukuru: Ashe ba ka yi shirun ba.

Maman Walid: Wai wace ce ta turo hoton rigunan sanyi na jarirai rannan? Na Terminus ne ko na Katako? Ina son guda biyu na ɗan shekara biyu.