Wane harsashi ne ya dace da sabon bututun bindigar iska?

Sani, Jidda: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na sa wa bindigata ta iska sabon bututu na kamfanin Lothar Walther mai faɗin milimita 5.5, amma harbi na watsewa a mita 30. Wane harsashi zan saya?

Alhaji Bukar, Riyad: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi saurin sayen katan guda. Ba duk 5.5 ba ne girmansu ɗaya. Juya gwangwanin harsashin JSB Exact ka duba ƙasansa, za ka ga 5.51, 5.52 ko 5.53, faɗin kan harsashin ke nan. Irin bututun nan galibi ana ɗan matse bakinsa, don dalma ta kama zanen ciki sosai kafin ta fita. In kan ya yi ƙanƙanta sai ya yi ta rawa a ciki, in ya yi girma kuma ya murje. Bututu ne ke zaɓar harsashinsa, bututu biyu ko da masana'antarsu ɗaya ba lallai su so abu ɗaya ba.

Malam Isa, Makka: Gaskiya ne Alhaji. Sani, sauke iskar tukuna, ka cire bututun, ka tura harsashi ɗaya a hankali daga baya da sandar gogewa. Za ka ji inda ya matse. In ya fito, duba ko zanen ya hau kansa da gindinsa daidai.

Sani: Nauyi fa, Malam?

Malam Isa: Fara da JSB mai giren 15.89 da mai 18.13 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ka haɗa da H&N Field Target Trophy mai 14.66. Kowanne harbi biyar-biyar a takarda, bindiga a kan buhun yashi, da sassafe kafin iskar teku ta taso.

Habu, Madina: Yaya Sani, in ka sauya kamfani ka fara zubar da wasu harbi, sai sabuwar dalmar ta zauna a bututun. Kuma rage gudu. In harsashi ya kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, watsewa yake yi. Ni nawa a 270 na bar shi.

Alhaji Bukar: In za ka zo baje kolin shahuna da farauta na Malham, kusa da Riyad, nemi gwangwanayen a can. Wanda ya dace, rubuta lambar zubinsa ka sayi da yawa daga zubin nan. Farauta kuma sai da izini daga manhajar Fitri ta hukumar kula da namun daji ta Saudiyya.

Sani: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar in sha Allahu zan turo hoton takardun.